Shekarar da Na Shanya Sitaci a Kan Banda

Yaran yanzu kan zo mini da waya a hannu, su nuna mini wata baiwar Allah ta zuba abu uku a kwano, ta juya da cokali, kafin minti biyu ta ɗaga kwalba tana murmushi. Sai su ce, "Malama, ashe ɗan abin da kike yi ke nan." Nakan ce musu e, shi ke nan, kamar yadda aikin malanta yake tsayuwa gaban allo da alli a hannu. Na haɗa ayyukan nan biyu har ranar da na ajiye alli, don haka na san nauyin kowanne. Abin da nake haɗawa maganin warin hammata ne na gida. Mutane ba sa son kiran sunansa da ƙarfi. Mace za ta shigo ta gaishe ni, ta tambayi yara, ta tambayi ruwan bana, sannan ta rage murya ta ce a ba ta abin nan. Namiji kuwa matarsa yake aikowa, ta ce na ƙanensa ne.

A nan Yelwa na koya, wajen Gwaggo Kulu, yayar mahaifina. Aikin farko da ta ba ni, a wani dogon hutu ina 'yar makaranta, ƙona alif ne. Duk wanda ya tashi a bakin ruwa ya san alif, farin dutsen nan mai kama da ƙanƙara da ake jefawa a randa don laka ta kwanta. Ana ɗora shi a kan tsohon marfin tukunya bisa garwashi, ya narke, ya yi ta tafasa, ya kumbura, ya koma fari fat kamar auduga. In aka sauke da wuri, da sauran ruwa a cikinsa, zai dunƙule a turmi. In aka bar hayaƙi ya taɓa shi, ya yi duhu. Gwaggo ba ta taɓa ce mini na ɓata ba. Takan ɗauki abin da na ƙona, ta murza a yatsa, ta tashi ta juye a randa. A hutun nan babu gidan da ya kai namu shan ruwa garai-garai a duk ƙasar Yawuri.

Kayan aikin ba su da yawa, sai dai kowanne aiki ɗaya yake yi har ya mutu. Akwai ƙaramin turmi da bai taɓa ganin barkono ko daddawa ba. Akwai farin ƙyalle na tankaɗe, da tukunyar ƙasa ta narka man kaɗe, da ludayin duma, da farantan shanya. Wata rana maƙwabciya ta ari turmin Gwaggo ba ta nan, ta daka yajin jego, ta wanke tas ta dawo da shi. Gwaggo ta yi mata godiya, ta ce ta riƙe shi kyauta, washegari ta aika wa masassaƙi. Matar ta yi shekaru tana ba da labarin kirkin Gwaggo.

Sitaci shi ne mai cin lokaci. A fere rogo, a goge, a jiƙa, a tace, a bar shi ya kwanta, a tsiyaye ruwan, a sake wankewa sau uku don tsamin ya fita, sannan a shanya a rana har ya yi ƙara a tsakanin yatsu. Aikinsa shan gumi, alif kuma shi ke hana warin tashi, man kaɗe ya riƙe su a fata. Mai son ƙamshi a sa mata kanumfari ko saiwar kajiji kaɗan. Halin sitaci irin na ɗan aji ɗaya ne: duk abin da ya ji kusa da shi sai ya kwashe ya kai gida. Na san wannan tun ina yarinya. Ku riƙe shi, don ni akwai ranar da ban riƙe ba.

Rabin sana'ar kuma ba a turmi take ba, tana wajen sanin wanda za a ba wane. Haɗin iri biyu ne, akwai hoda, akwai mai maiƙo. Wata malama da muke koyarwa tare ta taɓa karɓar mai maiƙo a wurina, ta shafa da yawa, ta sa farar riga, ta ɗaga hannu tana rubutu a allo. Ranar kuwa labarin ƙasa take koyarwa. Aka tashi tara, wani yaro ya gaya wa 'yan ajin cewa Malama ta zo da taswirar tafkin Kainji a ƙarƙashin hannunta, har da tsibirai. Tun daga nan mai sa fararen kaya hoda nake ba shi. 'Yan kabu-kabu, masu wuni a kan babur cikin rana, dutsen alif ɗin kansa nake cewa a kai musu, su jiƙa su goga bayan wanka, ba ƙamshin komai. Turare a kan gumi ba ya kashe wari, aure suke yi su haifi na uku. Mai busasshiyar fata kuwa, ko mai aiki kusa da wuta, ita ce ta mai maiƙo.

Akwai wata budurwa da ta zo mini da hannuwa a buɗe kamar kaza a tsakar rana. Ta yi aski, ta yanka lemun tsami ta goga, don ta gani a waya. Lemun tsami yana aiki, amma ba a kan sabon aski ba, kuma ba kullum ba. Haka bekin sodan da suke yayi yanzu, farar hodar nan ta masu yin kek, wata fatar ta ɗauka, wata ta saɓule. Kanwa kuwa ku bar ta a miya. Duk sabon haɗi a fara shafa shi a lanƙwasar hannu, a yi wuni a gani. Nakan kuma gaya wa kowa abu biyu da ba sa jawo ciniki: ba ni da maganin rashin wanka, kuma wanda warin jikinsa ya canja farat ɗaya, ko ƙurji ya fito masa, asibiti ne wurinsa.

Shekarar da ta fi ba ni wuya ita ce ta farko da na tsaya ni kaɗai. Gwiwoyin Gwaggo sun ƙi, ta koma kan tabarma, ta miƙa mini turmi da mutanenta. Mafi girman mutanen nan matan garin Wara ne masu bandar kifi, kuma jagorarsu Hajiya Ta-Sallah. Doguwar mace ce mai magana ɗaya. Inda ta sayi abu nan sauran ke saye, inda ta bari kuwa ko inuwar wurin ba sa bi. Tun kafin a yi mini aure suke tare da Gwaggo, kuma in an cire su daga sana'armu abin da zai rage bai kai a hura masa wuta ba.

Daminar shekarar ta zo da ƙarfi. Ruwa ya yi kwana da kwanaki, tafki ya cika ya haura gonakin shinkafa, rana ta zama abin ba da labari. A cikin haka Hajiya ta shigo da lema tana ɗiga. Ɗan ƙanenta da ke aikin ofis a Sakkwato zai auri 'yar can, ita ce za ta ja mata goma sha biyu su kai lefe nan da kwana goma. Angon ya roƙe ta abu ɗaya, kada a sa kifi a motar, ko guda, don kada ƙarni ya shiga atamfofi, gidan surukan nasa 'yan boko ne masu lura. Hajiya ta ji zafin maganar, don ba ta taɓa shiga gidan mutane ba kwandon banda a gabanta ba, amma ta yarda. Ta ce in haɗa musu mai maiƙo, kada in sa ƙamshi, suna da humrarsu. So take su shiga gidan nan a san mutanen Yawuri ma sun san gyara.

Alif bai ba ni matsala ba, man kaɗe kuma akwai mai kyau da matan Kambari suka kawo daga wajen Ngaski. Sitaci ne ya ƙi bushewa. Na shanya a tsakar gida ruwa ya kore ni, na shigar ɗaki ya fara tsami. Kwana shida suka wuce a haka. Bayan katangarmu kuwa akwai Inna Mairo, mai banda ce ita ma, kuma na lura in ta kwashe kifi ta janye itace, murhun nata yakan wuni da ɗumi mai kyau, ba harshen wuta, ba hayaƙin da ido ke gani. Na shimfiɗa ƙyalle a kan wayar da take jera kifi, na jera farantai. Kafin la'asar sitaci ya bushe ƙayau. Na dawo gida ina yaba wa kaina irin wayon da sai mai takardar shaida.

Kada ku ce ban gwada ba. Na shinshina, ban ji komai ba. Inna Mairo ta shinshina ta ce fes. Na haɗa, na kai wa Gwaggo, ban dai gaya mata inda na shanya ba, ta murza, ta kai hanci, ta ce hannuna ya fara zama. Hajiya da kanta ta buɗe kwalba a gabana ta ce haka take so. Hanci huɗu ke nan, kuma duk huɗun a bakin ruwan nan aka haife su. Mu nan ba ma jin banda. Tana cikin zanenmu da bangon ɗakinmu da iskar da muka fara shaƙa, kamar yadda malamin firamare ba ya jin surutun aji sai baƙo ya shigo ya toshe kunne.

Abin da ya faru a Sakkwato daga bakin Hajiya na ji shi. Sun yi wanka da sabon sabulu, sun sa sababbin kaya, motar an wanke ta sau biyu. Aka rufe gilasai saboda yayyafi, mata goma sha uku, hanya mai nisa, jiki ya ɗau zafi, man kaɗe ya narke, sitaci ya fara ba da labarin inda ya wuni. An tarbe su da mutunci, an buɗe akwatuna, an yaba, an kawo abinci. Can sai yayar uwar amarya, wata dattijuwa mai tabarau, ta ja Hajiya gefe, ta yi godiyar kifin da suka kawo, ta ce a nuna mata inda aka ajiye don akwai mage a gidan. Hajiya ta ce ba su zo da kifi ba. Dattijuwar ta yi murmushi, ta ɗauka kara ce irin ta manya, ta sa aka karɓo makulli wajen direba. A gaban matan gida aka buɗe bayan mota, aka ɗaga kujeru, aka leƙa ƙarƙashi.

Kwana biyu da dawowarsu, da hantsi, Hajiya ta shigo gidanmu. An shimfiɗa mata tabarma ba ta zauna ba. Ta ajiye kwalbar a gaban Gwaggo, ni ko kallona ba ta yi ba, ta ba da labarin tun daga tashar mota har zuwa mage. Ta ce ta yi ta tunani a hanya, sabulu sabo, kaya sababbi, abu ɗaya ne dukansu suka shafa.

"Kulu," in ji ta, "shekara nawa muna tare, ban taɓa jin kunya ba sai a hannun ɗiyakki."

Gwaggo ta buɗe kwalbar ta shinshina, ta miƙo mini na shinshina. Ba komai. Har na gyara tsayuwa na fara yi musu darasi a kan yadda ƙarni ke maƙalewa a gashi da mayafi, da hujjoji a jere, na ɗaya, na biyu. Ina kan na uku Adama ta yi sallama. Bafulatana ce da ke kawo mana nono kowace safiya daga rugarsu ta hanyar Shanga. Ba ta cin kifi, uwarta ba ta ci ba, kuma kullum a zaure take sauke ƙwaryarta, nesa da katangar Inna Mairo. Gwaggo ta kira ta, ta miƙa mata kwalbar. Adama ba ta ma kai ta hanci ba. Ta kawar da kai, ta koma zaure ta ƙara rufe nononta da faifai, sannan ta leƙo.

"Tarwaɗa ce," ta ce. "Wa ya sa ta a kwalba?"

Gwaggo ta tambaye ni inda na shanya sitaci. Na faɗa. Ba ta ɗaga murya ba, ta dai dube ni irin kallon da nake yi wa yaron da ya kwafi amsa har da sunan mai ita. Ta ce wa Hajiya laifin daga gidanmu ya fito, ba musu, ta kuma roƙi alfarma ɗaya: saura mako shida su koma ɗaukar amarya, a bar yarinya ta gyara abin da ta ɓata. Hajiya ta ce za ta karɓa in mai hancin nan ta ce ya yi. In kuwa aka sake jan ta gefe a Sakkwato, ita da matan Wara za su koma na feshi na kanti, ko da kuwa yana ƙare musu kafin azahar, kuma ba za su sake tako gidan nan ba.

Na zubar da sauran sitacin, na sayi sabon rogo. Haɗin farko Adama ta ce akwai kifi. Ƙyallen tankaɗe ne, na wanke shi sau uku amma bai manta ba. Na sayi sabo. Haɗi na biyu ta ce da sauƙi, amma har yanzu wani abu na iyo a ciki. Muka bi sawu, ashe kwalaben a bahon da ake wanke kifin miya aka ɗauraye su. Kowace safiya sai ta sauke ƙwarya ta zagaya gidan tana nuna abubuwa da haɓa: faranti, igiyar shanya, mayafina na zuwa makaranta. Ta ce mu mutanen ruwa ko mun rantse ba komai, a duba da kyau, za a sami ƙaya. Na ce mata na gode da ilmi. Ta ce ba a makaranta ta koya ba.

Da ta ga na rasa wurin shanya, ta ce in kawo rugarsu, can iska mai tsabta ce, ba abin da ke wari. Na ɗauki farantai a kabu-kabu na kai. Bayan kwana biyu ta kawo mini sitaci a bushe, tana taƙama, ta ce in ji abin da ake kira fes. Na buɗe. Shanu ne sak, da man shanu, da hayaƙin da ake turara wa garke don sauro. Na ce mata haka, ta karɓa ta shinshina har sau biyu, ta ce ƙarya nake yi don in rama. Sai da Gwaggo da Inna Mairo suka toshe hanci ta yarda, shi ma rabi. A nan na koyi abin da ba ya cikin wayarku. Kowane hanci makaho ne a gidansu. Tun daga ranar ba na fitar da haɗi sai hanci biyu sun sa hannu, ɗaya na ruwa, ɗaya na tudu.

A ƙarshe makaranta ce ta cece ni. Ana hutu, na nemi izinin hedimasta, na share barandar siminti ta aji shida, wadda ba ta san komai ba sai alli. Na zauna da littafi ina gadin sama, rana ta leƙo in fitar, hadari ya taso in kwashe. Kwana biyar ina wannan rawa. Na narka man kaɗe a sabuwar tukunya, na zuba a sababbin kwalabe, na kai zaure. Adama ta buɗe, ta shinshina daga nesa, ta matso, ta lakata ta murza a bayan hannu don ya ɗau ɗumi, ta sake shinshinawa. Ta ce ba ta ji kowa ba. Ni ma ban ji saniya ba. Ta sa kwalba ɗaya a cikin zanenta ta ce ladan hanci.

Hajiya ta aiko aka karɓa, ba ta zo da kanta ba. Daga baya na ji dabarar da ta yi. Wannan karon ta ce ango ko ya so ko ya ƙi sai ta kai wa surukai banda, kwando biyu, zaɓaɓɓiya. Amma ta sa kwandunan a wata mota da za ta taso washegari, su kuma suka tafi hannu sake, don ta san gaskiyar abin da ke jikinsu. Kwana huɗu suka yi. Ni kuma a kwanakin nan na ƙona alif ɗin da ya ishe ni rabin shekara, don hannu ya sami abin yi.

Ranar da ta zo, da Gwaggo ta fara, kamar kullum. Ta ba da labarin biki daki-daki, abincin da aka ci, ankon da aka sa, amarya da hankalinta, direban da ya ɓata hanya a cikin gari. Ina tsaye da buta a hannu, ba ta kai inda nake jira ba sai da ta ga dama. Ta ce sun wuni cur a gidan, cikin zafi da cunkoso, ba wanda ya nemi makullin mota. Da la'asar sai ga dattijuwar nan mai tabarau ta sake jan ta gefe. Hajiya ta ce a ranta shi ke nan, ta gama da gidan Kulu. Dattijuwar ta rage murya ta ce, "Hajiya, lafiya dai ko? Ko kun bar sana'ar kifin ne?"

Hajiya ta ce, "Nac ce mata, mu bari mu ci mi? Yana nan tahe gobe."

Gwaggo ta yi dariya har ta riƙe gwiwa. Hajiya ba ta yi ba, don da alama tambayar ta ɗan taɓa ta. Ta gyara mayafi, ta juyo ta dube ni, karon farko tun ranar kwalbar, ta ce matan Wara su goma sha tara ne yanzu, kuma ranar kasuwa suke son kwalabensu.